Kunnen Ruben

"Sai ya yi barci, Mama," in ji Sista Adaobi. "In yana motsi na'urar ba za ta karanta komai ba. Ki zaga da shi ki dawo."

Zipora ta gyara goyon ta fita barandar asibitin. Ruben, jikanta ɗan wata bakwai, wanda a gida ko tuwo ba ta gama tuƙawa ya yi barci, yau idonsa biyu ƙyar. Yana kallon fankar da ke juyawa a sama, yana jan ɗankwalinta. Ta je ƙarshen barandar ta dawo, ta sake komawa, tana jijjiga shi tana yi masa waƙar zumuntar mata ƙasa-ƙasa.

Wata matashiya da ke kan benci da jariri a cinya ta yi dariya. "Kaka, angon naki ya ƙi barci?"

"Ya ga 'yan mata ne," in ji Zipora. "Ni tsohuwar yau ba na gabansa."

Matan bencin suka yi dariya, ita ma ta ɗan taya su. Gwajin yau shi zai raba gardama tsakaninta da surukinta Ezekiyel, kuma shi zai nuna inda Ruben zai zauna.

Ezekiyel tayil yake ɗorawa a sababbin gidajen da ake ta ginawa a Abuja. Ɗaki ɗaya ya kama a Masaka, yana zuwa Keffi ranar Lahadi in aiki ya bari. Tun da matarsa Judit, 'yar Zipora, ta rasu kwana uku bayan haihuwa, aka yarda yaron ya zauna a Jigwada, nan gefen Keffi, wurin kakarsa har ya isa shiga makaranta. Lahadi biyu da suka wuce Ezekiyel na zaune a tsakar gida, faranti ya suɓuce wa Zipora ya faɗi a kan siminti. Kaji suka watse. Mijinta Jethro, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar shekara biyu, ya yi kira daga ɗaki yana tambayar me ya fashe. Ruben na kan tabarma, taki biyu daga wurin, ko ƙifta ido bai yi ba.

Ezekiyel ya tashi ya zaga bayansa ya tafa hannu. Ya kira sunansa. Ya sake tafawa da ƙarfi.

"Mama, yaron nan ba ya ji."

"Kai ne dai ba ka ji. Yaron da nake yi wa waƙa yana dariya?"

Ta shiga ɗaki ta ɗauko takarda daga cikin Littafi Mai Tsarki. Washegarin haihuwa aka gwada kunnen Ruben a asibiti, aka rubuta lafiya lau. Judit da kanta ta miƙo mata takardar daga kan gado tana murmushi, ta ce, "Mama, an ce kunnensa garau, sai ki rage gulma a gabansa." Kwana biyu bayan nan jijjiga ta kama ta, ba ta tashi ba.

Ezekiyel ya karanta takardar ya mayar mata. Ya ce a sake gwadawa. In yaron yana ji, shi ke nan, maganarsu ta da tana nan. In ba ya ji, zai ɗauke shi ya kai wa yayarsa Paulina a Masaka, kusa da likitocin Abuja. Zipora ta ce a gwada ɗin, ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amma tun daga ranar ba ta ƙara yarda ta tsaya a bayan yaron ta kira shi ba.

Sai wajen sha ɗaya Ruben ya langaɓe a bayanta. Ta koma ɗakin gwajin a hankali. Ezekiyel bai iso ba, ya bugo waya cewa sai ya fara nuna fuska a wurin aiki kafin shugabansu ya sake shi.

Ɗakin ƙarami ne, an toshe tagarsa, babu fanka. Sista Adaobi Ibo ce haifaffiyar unguwar Liman Abaji a nan Keffi, Hausarta ta fi ta Zipora sauri. Ta sa Zipora ta zauna ta rungume yaron. Ta cire masa hula, ta ɗan tsaya da hular a hannu, sannan ta ajiye ta a kan tebur. Ta goge masa goshi da bayan kunnuwa da auduga, ta manna wasu wayoyi guda uku, ta sa masa wani abu mai laushi a kowane kunne.

"Ba ya ciwo," ta ce. "Ƙara ce za ta shiga kunnensa, mu kuma mu ga ko saƙon yana kai wa ƙwaƙwalwa. Kada ki yi magana."

Zipora ba ta iya karanta abin da ke kan allon na'urar ba, don haka fuskar Sista ta zuba wa ido. Layuka suna ta tafiya a allon. Sista ta danna wani abu, ta jira. Ta tashi ta gyara wayar goshin, ta koma ta zauna, ta sake dannawa. Ta yi na dama, ta yi na hagu, ta sake komawa na dama. Da ta fara sai ga ta tana kaɗa ƙafa, daga baya ƙafar ta tsaya.

Ta kashe na'urar, ta jawo wani fom.

"Zan yi miki tambayoyi, Mama. Watanninsa sun cika aka haife shi?"

"Sun cika."

"Ya yi kuka da ya faɗo?"

"Har waje na ji shi."

"A danginku ko na ubansa akwai wanda aka haifa ba ya ji?"

"Babu."

"Sanƙarau? Zazzaɓi mai zafi da aka yi ta yi masa allurai?"

"A'a."

"Shawara fa?"

"Ya yi shawara."

Sista ta ajiye biro. "Ba ni labari."

Zipora ta ba ta. A ranar da aka binne Judit aka kawo jaririn gida. Gidan cike yake da masu gaisuwa, 'yan coci, dangin Ezekiyel daga Gitata, maƙwabta, ana ta waƙa ana ta dafa abinci. Ita kanta ba ta san inda kanta yake ba. A kwana na biyar wata daga cikin matan zumunta ta ce idon yaron ya yi ruwan ɗorawa. Aka ce ba komai, duk jarirai suna yi, a riƙa fitar da shi hantsi a ba shi ruwan gulukos. Ta yi hakan kwana uku. A na takwas ya ƙi karɓar madara, ya riƙa banƙarewa yana wani siririn kuka wanda ba ta taɓa jin irinsa ba. Suka kawo shi nan a guje. Aka sa shi ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske, aka canja masa jini. Ya yi kwana tara aka sallame su.

"Da za ku tafi, ba a ce ki dawo da shi gwajin kunne bayan wata uku ba?"

"An ce."

"To?"

"Ai an riga an gwada shi." Zipora ta zaro takardar daga jakarta da hannu ɗaya ta miƙa. "Ga shi. Ku kuka rubuta."

Sista ta buɗe takardar, ta duba kwanan watan, ta daɗe tana kallo.

"Takardar nan ba ƙarya ta yi ba, Mama. Amma ranar da aka rubuta ta, kwanansa ɗaya a duniya. Shawarar ba ta zo ba tukuna. Shi ya sa aka ce ki dawo."

"Yanzu me na'urar ta ce?"

"Ba ta samu amsa ba, dama da hagu. Na yi sau uku. Ni tacewa kawai nake yi, manyan likitocin kunne ne za su faɗi iyakar abin. Amma ba zan ɓoye miki ba, abin da na gani ba mai kyau ba ne."

"Yana dariya in na yi masa waƙa."

"A goye?"

"A goye. Ko in na ɗaga shi."

"A goye yana jin motsin muryarki a jikinsa. In kin ɗaga shi kuma fuskarki yake kallo. Yaran nan wayo gare su, shi ya sa ake daɗewa ba a gane ba."

Zipora ta dubi Ruben. Bakinsa a buɗe, wayoyin na manne a goshinsa. Wata bakwai tana ba shi labarin uwarsa. In tana yi masa wanka, in tana tsince shinkafa, ta gaya masa yadda Judit take tsoron ƙadangare, yadda ta ci jarrabawar koyarwa, irin rashin kunyarta ta baki. Ta ɗauka tana ajiye masa ne kaɗan-kaɗan.

Sista ta ɗauki hular daga kan tebur ta kai hanci.

"Mama, kafur kike sa wa a kayansa?"

"A akwati. Saboda kyankyasai."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a haife shi. Haka ake haɗa kayan haihuwa." Muryar Zipora ta ɗan tashi. "'Ya'ya huɗu na raina da shi, babu wanda ya yi ko tari."

"Na sani. Uwata ma da shi ta raine mu. Amma akwai jinin da ba ya jure shi, an fi samu a 'ya'ya maza. In jariri mai irin wannan jinin ya shaƙa, ko ya taɓa fatarsa, sai jinin ya riƙa fashewa, shawarar ta yi ƙarfi fiye da ƙima. Ita ce take taɓa jijiyar ji." Ta ajiye hular. "Ba zan rantse miki cewa shi ne ba. Sai an gwada jininsa. Amma yau ɗin nan ki fitar da kafur ɗin daga gidan, ki wanke komai ki shanya."

Zipora ce ta koya wa Judit yadda ake jera shi, tun cikin na wata bakwai: biyu a kowace kusurwar akwati, ɗaya tsakanin kowane ninki. Judit ta toshe hanci ta ce warin tsofaffi ne, ita kuma ta ce mata ai tsofaffin ne suka haife ta. Kuma bayan jana'iza, da jaririn ya ƙi yin shiru, ita ce ta buɗe akwatin ta ɗauko zannuwan Judit ta naɗe shi a ciki har kai, wai ya ji ɗumin uwarsa. Dare da rana a cikinsu yake, har ranar da ya banƙare.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ezekiyel ne, farin garin tayil a takalminsa da gefen wandonsa. Ya rusuna ya gaida Zipora, ya gaida Sista, ya tsaya da hula a hannu.

Sista ta maimaita masa abin da na'urar ta nuna. Ta rubuta takardar tura su asibitin kunne a Abuja. Ta ce za a sake gwaji mai zurfi, a ga ko na'urar ji za ta taimake shi, in ba za ta yi ba akwai wasu hanyoyin, har da koyon magana da hannu, shi da mai rainonsa tare. Ta ce ba zuwa ɗaya ba ne, a farko kusan kowane mako ne, wani lokaci sau biyu.

"Abin da nake so ku riƙe shi ne lokaci. Yanzu ne ƙwaƙwalwarsa take neman magana. Da a wata uku aka kama shi, da ya fi. Yanzu ma bai ɓaci ba, amma kada ku ce sai ya yi wayo."

"Me ya jawo, Sista?" in ji Ezekiyel.

"Shawarar da ya yi ce, ta yi tsanani." Ta ɗan dubi Zipora, ta sunkuya tana cire wayoyin daga goshin yaron. Ba ta ƙara komai ba.

Suka fito. A bakin ƙofar asibitin akwai bishiyar darbejiya, masu gasa masara da 'yan keke napep suna ƙarƙashinta. Zipora ta zauna a kan wani bulo da goyonta. Ezekiyel ya ce bari ya kira Paulina, ya matsa can gefen katanga. Ba ta jin abin da yake cewa sosai, sai "To, Yaya," da "Na gane, Yaya." Ya daɗe. Da ya dawo bai yarda sun haɗa ido ba. Ya tsuguna a gabanta yana juya wayar a hannu.

"Mama, na yi tunani. Ki riƙe shi kawai."

Ta dube shi.

"Ya saba da ke. Yaron da ba ya ji, a kai shi inda bai san kowa ba? Yaya ɗakinta ɗaya da falo, yara uku, ga shago. Ta ce da lafiyayye ne da da sauƙi. Ni kuma ƙarfe biyar nake fita, wani lokaci a wurin aikin nake kwana. Ki bar shi a wurinki, in ya ƙara girma sai mu ga abin da Allah zai yi."

Abin da ta yi mako biyu tana roƙon Allah ke nan. Ta ji daɗin ya taso mata har wuya, ba za ta yi ƙarya ba. Abin da ya rage kawai ta tashi ta tari keke, su koma Jigwada, ta dafa masa kunu, ta kwanta da shi a gefenta kamar kullum. Babu wanda zai ga laifinta. Coci ma yaba mata za a yi.

Amma ta san abin da "in ya ƙara girma" yake nufi. Akwai Godfrey kurma a cocinsu, mai sharar harabar, shekararsa ta kai arba'in. Mutumin kirki ne, kowa yana ba shi abinci. Ranar da uwarsa ta mutu an rasa wanda zai gaya masa, sai hannunsa aka ja aka nuna masa gawar.

Ita kuwa ba za ta iya zaryar Abuja kowane mako ba, ta bar Jethro kwance babu mai juya shi. Kuma ba za ta tare a ɗaki ɗaya da surukinta ba, ko da Jethro yana tsaye da ƙafafunsa.

"Ezekiyel, akwai abin da Sista ba ta gaya maka ba."

Ta gaya masa. Kafur ɗin, akwatin, zannuwan Judit, hantsi da gulukos, da takardar da ta rufe mata ido har wata huɗu suka wuce. Ba ta rage komai ba, ba ta yi kuka ba. Shi ne ya sa hannu ya rufe fuska.

"Wa ba ya sawa, Mama?" ya ce can. "Har a jakata akwai shi yanzu haka. Kuma ta ce ba ta tabbatar ba."

"Ban ce ka wanke ni ba. Cewa na yi ka sani. Na riƙe shi da son da nake yi masa, ga inda muka iso. Ba zan ƙara cinye masa wasu watannin ba."

"To ya za mu yi? Yaya ta ce..."

"Karɓe shi."

Ta kwance majanyin, ta juyo da Ruben ta miƙa masa. Ezekiyel ya karɓe shi a ɗarare kamar wanda aka ba tiren ƙwai. Yaron ya farka, ya dubi uban, ya kai hannu ya kama masa leɓe. Iska ta bugi bayan Zipora inda gumin goyo ya jiƙa rigarta, ta ji sanyi har cikin ƙashi.

"Kira mini Paulina."

"Mama, ba za ta..."

"Kira ta ka ba ni."

Ya danna da hannu ɗaya ya miƙa mata. Ta ji ƙarar injin niƙa ta cikin wayar, da muryar yara, sannan Paulina ta ce, "Ezekiyel, na gaya maka fa."

"Ba shi ba ne. Ni ce, Maman Judit."

"Wayyo, Mama! Ina wuni? Ya jikin Baba?"

"Da sauƙi. Paulina, roƙonki zan yi. Na girme ki, na haifi kamarki, amma da kina nan da durƙusawa zan yi."

"Haba Mama, kada ki ce haka."

"Yaron nan ba ya da wahala. Yana cin kunu, yana cin dankali in an dama. Ba ya kukan banza. Abu ɗaya ne, in za ki yi masa magana ki zo ta gabansa ya ga fuskarki, kada ki ɗauke shi ta baya, yana firgita. Likita na can kusa da ku, ni nan ba ni da komai sai waƙa, ita ma ba ya ji. Ki taimake ni ki karɓe shi."

Wani ɗan keke ya leƙo yana tambaya ko tafiya ne, Ezekiyel ya girgiza masa kai.

"Mama, ba ƙi na yi ba," in ji Paulina. "Tsoro nake ji. Ban san yadda ake rainon irinsu ba."

"Ni ma ban sani ba. Ke za a koya miki."

Paulina ta ja numfashi. "To. A kawo shi ranar Asabar, in gyara wuri."

Zipora ta yi mata godiya sau uku, ta sa mata albarka ita da 'ya'yanta, ta miƙa wa Ezekiyel wayarsa. Ta tashi daga kan bulon, ta kakkaɓe zaninta, ta warware majanyin, ta juya masa baya ta sunkuya.

"Ɗora mini shi," ta ce. "Asabar ba ta yi ba tukuna."